Na Sayar Wa Kaina Keke

Saƙon ya iso ina tsakiyar cire takalmi a ofis, don haka da ƙafa ɗaya a waje na karanta shi. Kamfanin bincike, wannan da kowa ke tambaya in ya rasa wani abu a intanet, ya dakatar da tallata. Dalilinsu kuwa wai shafina gada ne. Ba zagi ba ne, sunan laifin ke nan a ƙa'idarsu: shafin da ba shi da abin kansa, mutum ya taka kawai ya tsallaka zuwa wani wuri. A ƙasa suka ƙara cewa an sha yi mini gargaɗi, yanzu ɗaukaka ƙara guda ta rage mini. In aka duba aka ƙi, za a rufe asusun tallata rufewar da ba a buɗewa, kuma ba ni da izinin buɗe wani.

Na karanta har ƙarshe na kasa jin haushi, domin ban taɓa jin wanda ya kwatanta sana'ata daidai haka ba.

Ni dillali ne, sai dai irin dillalin da hannunsa bai taɓa sauka a kan kaya ba. Wani mutum a wani gari zai dubi tumbinsa ya ji kunya, ya rubuta keken motsa jiki a wayarsa. Tallata ta fito a sama, don na biya ta fito. Ya danna, ya faɗo shafina. A shafin akwai hoton keke, da bayanin da na kwaso daga babban shagon da ke sayar da shi, da wani jan maɓalli. In ya danna maɓallin, linkina ya kai shi shagon. In ya saya, shagon ya san ta ƙofata ya shigo, ya ba ni la'ada. Da wannan nake biyan haya shekara da shekaru, da shi na sa yara makaranta, kuma har yau na kasa yi wa surukina bayanin aikin da nake yi. In an tambaye shi cewa yake gyaran kwamfuta nake.

Asusun nan shi ne rumfata, ba ni da wata. Na daɗe da ba arba'in baya, gwiwata ta fara magana in zan tashi, kuma abin da na iya a duniya shi ne tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Ɗaki ɗaya muke haya a saman wani shagon fenti, ni da Injiniya. Tebur biyu, fanka, butar shayi ta lantarki, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Injiniya bai taɓa gina ko akurki ba, sunan ya kama shi ne don ba a rufe masa hanya bai ɓullo ta wata ba. Sana'armu ɗaya. Na girme shi a shekaru, ya girme ni a dabara, shi ya sa yake kirana Kawu da wata irin murya da ba duka ladabi ba ce.

"Kawu, wa ya rasu?"

Na juya masa kwamfutar. Ya karanta yana tauna murfin biro.

"Gada," ya ce. "Ai sun mutunta ka. Ni bara cewa suka yi nawa ƙofa ce da babu ɗaki a bayanta."

"Me zan yi?"

"Abin da kowa ke yi. Shafi biyu. In mai dubawarsu ya zo, ya tarar da makaranta guda, har da tarihin wanda ya ƙirƙiro keke. In mai saye ya zo, ya tarar da jan maɓallinsa. Kafin shayin nan ya huce na haɗa maka."

"In suka kama fa?"

"In suka kama ka mutu. In ba ka yi ba ma ka mutu. Bambancin dai ɗaya da abinci a cikinsa zai tafi."

Na ƙi. Zan so in ce gaskiya ce ta hana ni, amma tsoro ne. Ni mutum ne da ko a ƙasa nake tafiya in na hango ɗan sanda sai na laluba lasin a aljihu.

Na zauna na karanta ƙa'idar tasu, abin da ban taɓa yi ba, kamar yadda ba wanda ke karanta takardar cikin kwalin magani sai ya fara ganin ƙuraje. Abin da suke so ba shi da wuyar faɗi. Shafin ya ƙunshi abin da babu shi a wani wuri: ka gwada kayan da kanka, hotunan naka ne, ka faɗi alherinsa ka faɗi aibinsa, mai karatu ya ƙaru ko da bai danna komai ba. A taƙaice dai so suke in san keken.

Da yamma na kai wa matata maganar tana ninke kayan makarantar yara.

"Keke za ka saya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Wanda ba ya zuwa ko'ina."

"Shi."

"Baban yara, shekara nawa kana gaya wa mutane ya canja maka rayuwa?"

"Ba ni na ce ba. Shagon ne ya rubuta, ni kwafa na yi."

"To Allah ya sa kada ya canja ta da gaske. A ina za mu ajiye shi?"

"Falo."

"Falon da in ka miƙe ƙafa sai ka ba talabijin haƙuri?"

Na ce mata in ba keken, ba asusu, in ba asusu, ba falon ma. Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube ni sosai. Ba ta ƙara wasa ba, ta ce in saya, za ta matsar da kujera ɗaya ɗakin yara.

Akwai doka guda a sana'armu da ko wanda ya fara jiya ya sani: dillali ba ya saye ta linkinsa. Shagon yana ɗaukar hakan a matsayin sata, wato ka shiga ta ƙofarka ka karɓi la'ada a kan kanka, kuma ranar da suka gane za su yanke ka. Na san wannan kamar yunwar cikina. Don haka washegari a ofis ban ko kalli jan maɓallin ba lokacin saye. Na rubuta adireshin shagon da hannuna, harafi bayan harafi, na shiga kamar baƙon da bai san kowa ba, na biya farashi cikakke. Ban taɓa ganin kaya ya ratsa ta hannuna ba tare da wani abu ya maƙale ba sai ranar.

Injiniya ya cire hula ya dafe zuciya. "Yau wanzami ya sha jarfa," ya ce.

Keken ya iso cikin kwalin da ya fi ƙofarmu faɗin rai. Mai kawo kaya ya sauke shi a gindin matakala, ya ce aikinsa iyakarsa ƙasa, sama kuma tsakanina da Allah. Ni da matata muka hau da shi, ita a gaba tana ba da umarni, ni a baya ina ɗauke da nauyin. A kan kwalin an rubuta mutum ɗaya zai iya haɗa shi cikin sauƙi. Na san jimlar, don ta daɗe a shafina.

Wuni guda na yi a zaune a ƙasa da wata 'yar sifana da suka sako, wadda ba ta kai cokalin shayi ba. A nan na fara sanin abin da nake sayarwa. Fedar hagu baya ake juya ta kafin ta shiga, kuma ba su faɗa ba, na kusa cinye zaren ƙarfen kafin in gane. Sirdin kuwa wanda ya ƙera shi yana da tsohuwar gaba da mazaunan 'yan Adam. Ɗan agogon da ke gaba maƙaryaci ne, kafin ka gama gyara zama ya ce ka ƙona kitse. In keken ya ɗumama sai ya fara wani kuka siriri, har maƙwabcinmu na ƙasa ya hau ya tambaya ko mun sayi tsuntsu. Na gano in ka shimfiɗa tsohuwar darduma a ƙarƙashi, ka ɗiga mai a gindin feda, kukan yana tafiya. Amma ƙarfensa na kirki ne, ya ɗauke ni bai ko girgiza ba, kuma ni ba ƙaramin gwaji ba ne.

Duk na rubuta. Sai wani abu ya faru da ban shirya masa ba, wato na ji daɗin aikin. Kullum da safe in hau in taka har gumi ya jiƙa rigar, in sauko ina tafiya kamar wanda aka yi wa allura, in tafi ofis in zauna in rubuta abin da na ji a jikina. Ban san ina da magana ba sai da na rasa wadda zan kwafa.

Matata ce mai hoto.

"Ja cikin," ta ce, tana riƙe da waya.

"Na ja."

"To sake shi, gara na gaskiya. Yi murmushi."

"Numfashi nake nema."

"Mutane za su ce keken kashe mutum yake."

"Ai an ce in faɗi aibinsa."

Ta yi dariya har hoton ya fito a karkace, muka bar shi haka. Da na gama shafin ta karanta a tsaye a bakin ƙofar kicin, ta miƙo mini wayar ta ce, "Wannan kam kai ne. Har da mitar."

Injiniya ya karanta shafin a ofis. Ya ƙyalƙyale a wurin sirdi, ya ci gaba, sannan ya daina tauna biro.

"Kawu," ya ce, "ni da na san kai maƙaryaci ne, wallahi na ji ina son keken."

Ban taɓa samun yabo irin wannan ba. Ranar na ɗaukaka ƙarar. Ba mutum za ka gani ba, ba lambar da za ka kira. Wani ɗan akwati ne za ka rubuta abin da ka gyara a ciki, ka danna, ya ce an karɓa, a jira. Na rubuta musu cikin ladabin da ban taɓa yi wa mahaifina ba.

Aka shiga jira. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Talla a tsaye, ba mai shigowa shafin sai ni, amma ban fasa zuwa ofis ba. Mutum mai iyali in ya zauna a gida da safe, har kujeru sai sun fara kallonsa. Ina zuwa in jona buta, in buɗe shafin, in danna jan maɓallin in ga ya kai ni shagon lafiya, in rufe. Duk dillali haka yake buɗe ranarsa, kamar yadda direba ke harbin taya da ƙafa kafin ya shiga mota. Hanya in ta toshe ba ka sani ba, talla kake biya kana tura mutane jikin bango. Ba tunani nake yi ba in zan danna, yatsan ne ya san aikinsa.

Wata safiya na danna, sai ga farin shafi. Layi ɗaya ne a tsakiya, wai wannan linki ba ya aiki. Na sake dannawa. Na kashe kwamfutar na kunna, don dai a ce na yi wani abu. Sannan na buɗe saƙonnina na tarar da na shagon. Sun ce al'adarsu ce su jira lokacin mayar da kaya ya wuce kafin su biya la'ada, a lokacin ne kuma suke duba ciniki. Sun duba wani cinikin keke da ya shigo ta ƙofata, suka ga sunan mai saye da adireshinsa su ne na dillalin. Sun cire ni daga cikin dillalansu, sun kashe linkina.

"Ƙarya ne," na ce. "Da hannuna na rubuta adireshin. Kana zaune."

Injiniya ya zagayo ya karanta ta saman kafaɗata.

"Da wace kwamfuta ka saya?"

Na dubi kwamfutata. Bai sake tambaya ba, don duk mun san amsar, tana gabanmu a kan tebur.

Duk wanda ya danna linkin dillali, shagon yana manna wa na'urarsa wata alama da ba a gani, tana kai kusan wata ba ta goge ba. Amfaninta, in mutum ya tafi ya yi shawara da matarsa ya dawo daga baya da ƙafarsa, la'adar taka ce har yanzu. Alamar nan ita ce abincinmu. Na sha yabonta a gaban sababbin shiga, na sha addu'ar shagon ya ƙara mata kwana. Safiyar ranar da na sayi keken, da kofin shayi a hannu, na danna maɓallina kamar kullum don in ga hanya. Ashe lokacin da nake taƙama na shiga shagon a baƙo, tambarina na manne a goshina.

"Ka sayar wa kanka keke, Kawu," in ji Injiniya a hankali. "Kuma ba a biya ka ba."

Ya ga fuskata ya bar wasan. "Gyara maɓallin yanzu. Ka sa ya kai mutum shagon kai tsaye, ko ba la'ada. Kada mai dubawa ya zo ya tarar da bango."

Na gyara, na yi kuskuren adireshin na sake. Na danna, ya buɗe, ga keken nan a shago yana walƙiya. Na jingina da kujera. Injiniya ya zuba mini shayi da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Muka fara lissafin wani shagon da zan iya nema ya ɗauke ni, tunda ba su kaɗai ke sayar da keke ba. In dai asusun ya tsira, sauran duk gyara ne.

Shayin bai huce ba saƙon kamfanin bincike ya shigo. Sun riga sun duba, tun kafin in iso ofis. Maɓallin da ke shafin yana kai mutum wurin da ba ya aiki, wannan kuma ya saɓa wa ƙa'ida. An ƙi ƙarar, an rufe asusun, hukuncin na ƙarshe ne.

Na karanta ina neman kalmar gada, babu ita. Ba su ce shafin gada ne ba, ba su kuma ce ya daina zama gada ba. Ko sun karanta labarin sirdin, ko sun ga hoton da ya karkace, ko mutum ne ma ya duba ko na'ura, ba zan taɓa sani ba. Na nemi akwatin da zan rubuta cewa na gyara, babu akwati. Na rubuta wa shagon dogon bayani a kan shayi da yatsa da alama. Kafin in sauke hannu amsa ta dawo, suna godiya da na tuntuɓe su, ra'ayina yana da muhimmanci a wurinsu.

Na fita kan matakala, inda warin fenti ke tasowa daga ƙasa, na kira matata na gaya mata.

"To a buɗe wani da sunana," ta ce.

"Sun san gidan, sun san katin bankin, sun san kwamfutar. Kafin azahar za su rufe naki, su ƙara mini laifin yaudara."

"Ƙanena fa?"

"Haka suke bin dangi. Kada in shafa wa yaro."

Ina jin ƙarar famfo a bayanta.

"To mu mayar musu da kekensu."

"Lokacin mayarwa ya wuce. Shi suka jira."

Ta kashe famfon. Na jira ta ce ai ta faɗa, don ta cancanci ta ce. Ba ta ce ba, kuma hakan ya fi ciwo.

"Ka ci wani abu?"

"Shayi."

"Ka dawo da wuri. Kada ka zauna kana kallon abin nan."

Na koma ciki na zauna ina kallon abin nan. Injiniya ya yi ta gyaran murya, ya ɗauki biro ya ajiye, ya miƙe ya ƙara wa fanka gudu ya dawo ya rage. Na san shi, akwai magana a bakinsa tana neman ƙofa.

"Faɗi," na ce.

"Ba yanzu ba, Kawu."

"Yanzun ta fi. Gobe ba lallai in zo ba."

Ya jawo kujerarsa kusa. Ya ce shi ma sun fara aiko masa da gargaɗi, kuma shafi biyun nan nasa ba zai daɗe ba, sun fara wayo. Shi ma yana tallan keken. Rubutuna da hotunana in suka zauna a inda suke, ba wanda zai ƙara ganinsu, don shafin da aka rufe asusunsa ko maƙiyi ba zai tallata shi ba. In na sauke nawa na ba shi, zai ɗora a nasa, duk abin da ya shigo zai riƙa tuna ni.

"Riƙa tuna ni," na ce.

"Ka san ni, Kawu."

"Na san ka, shi ya sa na maimaita."

Ya yi dariyar yaƙe. Na tura masa komai, rubutun da hotunan, har da wanda ya karkace. Ya buɗe su a kwamfutarsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sosa ƙeya.

"Sai dai abu ɗaya. Fuskar."

"Me ta yi?"

"Sun san ta, tana jikin asusun da aka rufe. In na'urarsu ta haɗa ta da nawa, ni ma na tafi. Tumbin kawai nake buƙata, shi ne hujja."

Na dubi mutumin da ke kan keken, baki buɗe, ido a waje, riga manne da jiki. Injiniya ya ja wani layi a kan hoton yana hawa da shi yana sauka, ya kasa tsayar da shi, kamar tela mai jin kunyar auna babba.

"Daga wuya zan yanke ko daga ƙirji?"

"Daga wuya," na ce. "Ka bar gumin, shi na gaske ne."